Jinkirin Murya

Ni ne Labbo mai hawan rufin mutane,
daga Mabera har Arkilla an san tsanina.
Kwanon rufi, in rana ta take tsaka a Sakkwato,
ya fi kaskon masa zafi,
tafin ƙafata ne shaida.
Sana'ata juya faranti ya dubi abin da ban taɓa gani ba,
kaɗan dama, kaɗan sama,
har yaro ya ƙwala ihu daga ɗaki: "Ya kawo!"

Kakana ya san taurarinsa da suna.
Da Gamzaki yake ɗaura wa jakai kaya,
in Kaza da 'ya'yanta sun ɓuya, ya ce a wasa kalme.
Ya tafi fatauci Gwanja shekara biyu,
labarinsa ɗaya ya iso gida,
shi ma a bakin wani mai goro,
ya riga ya tsufa a hanya.

Nawa tauraron ban san haskensa ba.
Ƙarfe ne, hannu ya ƙera, wuta ta harba,
ya kai inda mikiya ba ta mafarkin zuwa,
yana bin juyin ƙasa sau da ƙafa
har ka rantse a tsaye yake.
Abincinsa rana.
Ɗan aike ne da bai taɓa tsayawa shan inuwa ba,
bai kuma taɓa ƙara wa saƙo gishiri ba.

Daren Laraba Tumba ta aiko a kira ni.
Ba faranti ba ne, waya ce.
Ɗanta Arzika na aiki a jirgin ruwa,
wata na bakwai ke nan,
a tekun da harshenta ya kasa riƙe sunansa,
ita da ba ta san ruwan da ya wuce gulbin Rima ba.
Can babu tudu, babu turken waya, babu ko balbela.
Ya ce zai kira bayan lisha,
tana tsoron yatsanta ya taɓa ja a maimakon kore.

Muka zauna gefen murhu. Tuwo ya huce.
Sauro ya yi ta zuba surutunsa.
Sai wayar ta yi ƙara.

"Inna!"
"Arzika, kai na?"
Shiru.
Ta harare ni kamar ni na ɓoye shi.
Na ce ki dakata, muryarki hawa take yi,
sai ta je can ta juyo, hanya ce mai nisa.
Suka yi magana tare, suka yi shiru tare,
suka sake karo
kamar mutum biyu a ƙofar zaure,
kowa na cewa ɗan'uwansa ya fara wucewa.
Sai dariya. Tata ta tafi, tasa ta taho,
ni dai ina zaton sun gaisa a sama.

Ba ta yi zancen kuɗi ba.
"Mi kac ci yau?" Kifi.
"Jiya fa?" Kifi.
Ta ja tsaki.
Ta gaya masa jar akuya ta haifi biyu,
albasa ta faɗi warwas a kasuwa,
katangar Modi ta zube a ruwan Asabar,
ƙafarta da sauƙi, wanda ba gaskiya ba ne.
Minti huɗu. Layi ya yanke a tsakiyar addu'a.
Ta ƙarasa abarta a tsanake, ta shafa.

Da ta rako ni waje, an ɗauke wuta,
sama ta cika maƙil kamar an watsa gero.
Ta ce, "Wanne na cikinsu?"
Na san inda farantaina ke kallo,
ban san ko shi ne ya ɗauko mata ɗa ba.
Na nuna mata wani fili baƙi tsakanin taurari biyu.
Ta daɗe tana duban wurin.
Ta ce, "Allah shi yi mai albarka,"
ta koma ciki ɗumama tuwo.